Ishara da karatun kullum: Tsohon Alkawari a Jamus, daga Herrnhut zuwa zamanin Hitila

0. Gabatarwa

Ranar 13 ga watan Nuwamba na shekarar 1933, mutane kimanin dubu 20 suka taru cikin babban zauren wasanni na birnin Balin. Taron na ƴan Ikilisiya ne, wato magoya bayan ƙungiyar nan ta Furotesta da ta raɗa wa kanta suna « Kiristocin Jamus », wadda ke neman a daidaita addini da aƙidar Hitila. Shugaban ƙungiyar na yankin Balin, wani malamin makarantar boko mai suna Reinhold Krause, ya miƙe ya nemi a fid da Tsohon Alkawari daga ibada da koyarwa tun da littafin Yahudawa ne, a kuma tankaɗe Sabon Alkawari a zubar da tauhidin Bulus. Zaure ya ɗauki tafi. Da gari ya waye, a dubban gidajen ƙasar, mutane suka buɗe wani ɗan littafi da ake tsarawa kowace shekara a garin Herrnhut, suka karanta rabon ranar kamar yadda suka saba: aya ɗaya daga Tsohon Alkawari, sa'an nan aya ɗaya daga Sabo.

Manufar wannan maƙala ita ce mu duba abin da ke tsakanin waɗannan al'amura biyu. Tambayarmu ita ce: lokacin da aka tasam ma raba Littafi Mai Tsarki gida biyu, mene ne ya riƙe shi, kuma ina wannan riƙo ya tsaya? Ra'ayin da za mu kare shi ne, karatun ishara ya isa ya ajiye littafin Yahudawa cikin Ikilisiya, amma shi kaɗai bai isa ya sa Kiristoci su tsaya wa Yahudawan kansu ba. Inda aka sami wanda ya ƙetara daga littafi zuwa mutane, al'adar karatun kullum tana cikin abin da ya share masa hanya.

Game da kalmomi, mun zaɓi « ishara » don abin da ake kira typologie ko figure da Faransanci, wato ɗaukar wani mutum ko wani abin da ya faru cikin Tsohon Alkawari a matsayin alamar abin da zai cika ga Yesu Almasihu. Sunayen littattafai kuwa mun bi yadda masu karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa suka san su.

1. Asalin karatun ishara da fuskokinsa biyu

Kiristocin farko ba su da wani nassi sai na Yahudawa: Attaura, Zabura da littattafan annabawa, waɗanda galibinsu ke karantawa cikin fassarar Girkanci. Da suka gaskata cewa Yesu ne Almasihun da aka alkawarta, sai suka koma cikin waɗannan littattafai suna bin sawunsa. Bayan annabce-annabce, har mutane da abubuwan da suka auku sun ɗauke su alamu. Bulus ya kira Adamu da kalmar Girkanci typos (Romawa 5:14), wadda asalin ma'anarta shi ne sawun da bugu ko hatimi ya bari. A sura ta 10 ta wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa ya haɗa ƙetare teku da baftisma. Linjilar Yohanna (3:14) ta haɗa macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji da gicciye, ta Matiyu kuma (12:40) ta haɗa kwana ukun Yunusa cikin kifi da kwana ukun kabari. Wasiƙa ga Ibraniyawa ta ɗauki hadayun Attaura a matsayin inuwar abin da ke zuwa.

Wannan hanyar karatu ta zama garkuwa tun ƙarni na 2. Markiyon, wani attajirin mai jiragen ruwa daga Sinope, ya koyar a Roma cewa Allahn da ya yi duniya ya ba Musa shari'a daban yake da Uban Yesu. Ya yar da Tsohon Alkawari ɗungum, ya riƙe Linjilar Luka da ya taƙaita da wasiƙu goma na Bulus. Ikilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144. Waɗanda suka yi masa raddi, irin su Irenewus na Lyon da Tartuliyan na Kartaj, da ishara suka yi: in Sabon Alkawari cikar Tsoho ne, to ba a sare saiwa a ce ana son ƴaƴan itace.

To amma garkuwar nan tana da kaifi a ciki. Melito, bishop na Sardis, cikin wa'azinsa na Idin Ƙetarewa wajen shekarun 160 zuwa 170, ya kwatanta Tsohon Alkawari da samfurin kakin zuma ko na yumɓu ko na itace da gwani ke yi kafin ya soma aikin gaske: samfurin yana da daraja muddin aikin bai tsaya ba, in ya tsaya sai a rushe shi. Cikin wannan wa'azi ɗaya ne Melito ya ɗora wa Isra'ila laifin kashe Ubangiji. Ke nan tun da wuri aka sami karatun da ke girmama littafin yana ƙasƙantar da al'ummar da ta kawo shi, abin da daga baya aka kira koyarwar maye gurbi: Ikilisiya ta gaji alkawari, Yahudawa kuwa aikinsu ya ƙare.

Akwai fuska ta biyu, wadda masanin adabin nan Erich Auerbach ya fayyace cikin nazarinsa mai suna Figura na 1938. Auerbach Bayahude ne, an raba shi da kujerarsa a jami'ar Marburg a 1935, kuma a Santambul yake gudun hijira sa'ad da nazarin ya fito. Ya nuna cewa ishara ta bambanta da fassarar baɗini, domin cikin ishara abubuwan biyu duka tarihi ne na gaske: Musa ya rayu, jama'arsa sun sha wuya, kuma zamansa alamar wani abu bai shafe wannan ba. Wannan bambanci, tsakanin isharar da ke rushe samfuri da isharar da ke barin na farko da nauyinsa, shi ne ma'aunin da za mu riƙe a sauran maƙalar.

2. Ayar yini ta Herrnhut

A zamanin tsakiya na Turai talakawa da ido suka koyi ishara. Cikin littattafan zane da ake kira Biblia pauperum, ana sa wani labarin Linjila a tsakiya, a jera masa labarai biyu na Tsohon Alkawari dama da hagu. Bayan zuwan injin ɗab'i da fassarar Luther, wadda ta kammala a 1534, nassin da kansa ya shiga gidaje, sai tambaya ta zama: yaya mutumin da ke noma ko saƙa zai riƙa karanta shi kullum?

Ɗaya daga cikin amsoshin da suka fi daɗewa ta fito daga Herrnhut, a yankin Saksoni. An kafa garin a 1722, lokacin da wani basarake, Nikolaus Ludwig von Zinzendorf (1700-1760), ya ba ƴan gudun hijirar Moraviya izinin zama a ƙasarsa. Mutanen sun tsere ne don addini, amma ra'ayoyinsu sun sha bamban, har rigima ta kusa watsa su kafin su sasanta a wurin jibin Ubangiji na 13 ga Agusta 1727. Ranar 3 ga Mayu 1728, a taron waƙoƙin yamma, Zinzendorf ya ba jama'a wata gajeruwar magana su riƙe don kashegari. Daga nan aka riƙa kai kalmar yini gida-gida kowace safiya. Sunanta da Jamusanci, Losung, kalmar soja ce: abin da mai gadi ke tambaya don ya gane nasa cikin duhu. A 1731 aka buga kundin shekara na farko, kuma tun daga lokacin bai taɓa fashin shekara ba. Ana fassara shi cikin harsuna fiye da 50; na Faransanci shi ne Paroles et Textes.

Amfanin kundin ya ƙaru da jama'ar ta bazu. A 1732 Leonhard Dober da David Nitschmann suka tafi tsibirin Saint Thomas wajen bayi, a 1733 wasu suka nufi Girinlan, a 1737 Georg Schmidt ya sauka a Afirka ta Kudu. Wasiƙa tana watanni a hanya, amma duk wanda ke riƙe da kundin ya san ayar da ƴan'uwansa ke karantawa a wannan safiya.

Cikin ƙarni na 19 tsarin ya zauna yadda aka san shi: ayar farko daga Tsohon Alkawari, ta biyu daga Sabo, sa'an nan baitin waƙa ko addu'a. Abu biyu ya kamata mu lura da su a nan. Na farko, ayar Tsohon Alkawari da ƙuri'a ake fid da ita, daga cikin ayoyi kimanin 1,800 da aka tanada. Ba mai karatu ba ne ya zaɓa, ba kuma mai tsara kundin ba ne ya ce ga ranar da za ta faɗo. Na biyu, ita ce ke gaba: sai ta fito tukuna a nemo mata abokiya daga Sabon Alkawari. Wannan ya juya tsarin littattafan zane, inda Linjila ke tsakiya, Tsohon Alkawari na rakiya. Ba kowace rana haɗin ke zama ishara sosai ba, sau da yawa ma'ana ce kawai ta yi kama. Duk da haka, wanda ya yi shekaru yana buɗe kundin ya saba, ba tare da an yi masa darasin tauhidi ba, da jin muryoyin biyu a matsayin zance ɗaya.

3. Yaƙi da Tsohon Alkawari, 1933-1945

Ƙyamar Tsohon Alkawari ta riga Hitila. A littafinsa kan Markiyon, wanda ya fito a farkon shekarun 1920, babban masanin tarihin Ikilisiya Adolf von Harnack ya yarda cewa kore Markiyon daidai ne a zamaninsa, amma ya ga cewa ci gaba da riƙe Tsohon Alkawari a matsayin nassi a zamanin yanzu alamar shanyewar Furotesta ce. Harnack hujjar ilimi ya kawo. Waɗanda suka biyo baya hujjar jini suka kawo.

Hitila ya hau mulki ranar 30 ga Janairu 1933. A zaɓen Ikilisiya na 23 ga Yuli, Kiristocin Jamus suka lashe kimanin kashi biyu cikin uku na kujeru. A watan Satumba majalisar Ikilisiyar Prusiya ta amince da dokar da ta hana duk mai asalin Yahudawa aikin fasto, aka kuma naɗa Ludwig Müller bishop na ƙasa. Jawabin Krause da muka fara da shi ya yi wa ƙungiyar illa, don mutane da yawa sun fice daga cikinta, amma aƙidar ba ta mutu ba. Ranar 6 ga Mayu 1939 aka buɗe wata cibiya a Eisenach, da goyon bayan Ikilisiyoyin jihohi 11, wadda sunanta ma ya faɗi aikinta: bincike da kawar da tasirin Yahudanci daga rayuwar Ikilisiyar Jamus. Daraktanta na ilimi, Walter Grundmann na jami'ar Jena, ya wallafa littafi a 1940 yana da'awar Yesu ba Bayahude ba ne. A wannan shekara cibiyar ta fid da wani Sabon Alkawari da aka tace daga yawancin abin da ke nuni ga Tsoho, a 1941 kuma ta fid da littafin waƙoƙi da aka yi wa irin wannan tankaɗe.

Masu adawa sun koma ga tsohuwar garkuwa. Wilhelm Vischer, wanda ya rasa aikinsa na koyarwa a Bethel a 1933, ya buga kashi na farko na littafinsa kan shaidar da Tsohon Alkawari ke yi wa Almasihu a 1934. Leonhard Goppelt ya fid da nasa nazarin mai suna Typos a 1939. A ɓangaren Katolika, Kardinal Michael von Faulhaber na Munik ya yi jerin wa'azi a watan Disamba 1933 yana kare littattafan Musa da annabawa, aka kuma yi ta sayen wa'azin a buge.

A nan ne iyakar garkuwar ta bayyana. Faulhaber ya faɗa a fili cewa maganarsa a kan Isra'ilar da ta gabaci Almasihu take, ba Yahudawan zamaninsa ba. Sanarwar Barmen ta 31 ga Mayu 1934, wadda ta zama tushen Ikilisiya Mai Shaida kuma Karl Barth ne ya rubuta mafi yawanta, ba ta ambaci Yahudawa ba, kuma ayoyin da ke kan sassanta shida duka daga Sabon Alkawari suke. Barth da kansa ya amsa wannan gazawa cikin wata wasiƙa a 1967. Kafin Barmen, a 1933, an shirya wata sanarwa a Bethel wadda Vischer ya rubuta mata sashe kan Yahudawa. Masu gyara suka yi ta rage mata kaifi har ɗaya daga cikin marubutanta, Dietrich Bonhoeffer, ya ƙi sa hannu. Wato dai ana iya kare samfuri da dukan ƙarfi don darajar aikin da ya nuna, a kuma bar zuriyar masu samfurin a hannun maƙiya.

4. Masu karatu biyu

Sanarwa da littattafan malamai suna nuna mana matsayin shugabanni. Don mu ga abin da karatun kullum ya yi cikin ran mutum, dole mu koma ga waɗanda suka bar rubutun yau da gobe. Za mu ɗauki biyu.

4.1. Jochen Klepper

Klepper (1903-1942) ɗan fasto ne, marubuci kuma mai tsara waƙoƙin ibada. A 1931 ya auri wata bazawara mai asalin Yahudawa da ke da ɗiya mata biyu. Saboda wannan aure ya rasa aikinsa na gidan rediyo a 1933, aka fid da shi daga ƙungiyar marubuta ta hukuma a 1937, aka kuma sallame shi daga soja a 1941. Ya yi shekaru yana ajiye labarin kowane yini a rubuce, kuma al'adarsa ita ce ya fara da aya, galibi ayar yini ta Herrnhut, sa'an nan ya zuba abin da ya faru a ƙarƙashinta: sabuwar doka, sabon hani, labarin waɗanda aka kwashe.

An matsa masa ya saki matarsa, ya ƙi. Babbar agolarsa ta samu fita zuwa Ingila a 1939. Ƙaramar kuwa, a watan Disamba 1942 ƙasar Suwidin ta yarda ta karɓe ta, amma Adolf Eichmann ya hana takardar fita. A daren 10 wayewar 11 ga watan, Klepper da matarsa da yarinyar suka kashe kansu. An buga rubutunsa a 1956.

Abin da labarin Klepper ke koyarwa mai nauyi ne. Karatun kullum ya riƙe shi ga alkawarin aurensa har ƙarshe, ya ba shi harshen da zai yi kuka da shi. Amma Klepper ya tashi cikin tarbiyyar Luther ta biyayya ga hukuma, bai shiga adawa ba, kuma ya daɗe yana sa rai ga manyan gwamnati da suka yaba littafinsa. Amincinsa na cikin gida ne, kuma bai kuɓutar da gidan ba.

4.2. Dietrich Bonhoeffer

Bonhoeffer (1906-1945) bai fara daga wuri mai tsabta ba. Maƙalarsa ta Afrilu 1933 kan Ikilisiya da batun Yahudawa ta ce wajibi ne Ikilisiya ta taimaki duk wanda hukuma ta zalunta, har ma ta tsai da hukumar in ta kama; amma cikin maƙalar ya maimaita tsohuwar maganar la'anar da ke bin Yahudawa. Darussan da ya yi wa ɗalibansa kan Sarki Dawuda a 1935, da kan Ezra da Nehemiya a 1936, ishara ce tsantsa: Dawuda inuwar Almasihu, sāke ginin Urushalima kuwa hoton Ikilisiya Mai Shaida. Masanin Tsohon Alkawari Friedrich Baumgärtel ya soke shi da cewa ya tsallake tarihin nassin.

Abin da ya bambanta shi shi ne yawan karatu da tsarinsa. A makarantar horon fastoci ta Finkenwalde, wadda ya jagoranta daga 1935 har ƴan sandan Gestapo suka rufe ta a 1937, kowace safiya ana karanta Zabura da dogon sashe daga kowane Alkawari, sa'an nan kowa ya yi rabin awa shiru a kan nassi guda da aka ware wa makon. Cikin littafin da ya rubuta kan zaman tare, wanda ya fito a 1939, ya yaba ayar yini ta Herrnhut da albarkar da ta kawo, musamman a shekarun gwagwarmayar Ikilisiya, amma ya yi kashedi cewa gajeruwar aya ba ta maye gurbin karatu bi da bi. Ya ba da shawarar iyali su karanta sura guda ta Tsohon Alkawari da aƙalla rabin sura ta Sabo, safe da yamma. Dalilinsa shi ne, mai karatu bi da bi shi ake ja zuwa cikin tarihin Isra'ila, ya ƙetare teku da su, ya yi yawon jeji da su, maimakon ya tsinko abin da ya dace da damuwarsa.

A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙone majami'un Yahudawa a duk faɗin Jamus. Cikin Littafi Mai Tsarkin da Bonhoeffer ke amfani da shi, wanda ya tsira, a gefen Zabura 74:8, ayar da ke kukan ƙone wuraren sujada na Allah a cikin ƙasa, ya rubuta kwanan watan: 9.11.38. A ganinmu wannan ƴar alama ta fi doguwar maƙala. Mai bin hanyar Melito zai ce wuraren sujadar nan Ikilisiya ce da ake tsananta wa. Bonhoeffer ya bar ayar a kan masu ita, ya kuma kira majami'un da aka ƙone gidajen Allah. Ba mu ce karatu kaɗai ya kai shi nan ba: mijin ƴar'uwarsa da suke tagwaye, Gerhard Leibholz, da amininsa Franz Hildebrandt duka masu asalin Yahudawa ne, kuma duka sun yi hijira. Amma zumunci ya ba shi ciwon, Zaburar da ya saba karantawa ta ba shi sunan abin.

A watan Yuni 1939 abokai suka fid da shi zuwa Niyok don ya kauce wa kiran soja. Rubutunsa na waɗannan makonni cike yake da ayoyin yini da yake auna kansa da su. Ranar 20 ga watan ya yanke shawarar komawa. Ranar 26 ya rubuta cewa ya ci karo da 2 Timoti 4:21, inda Bulus ke roƙon almajirinsa ya zo kafin hunturu, kuma maganar ta ƙi barinsa. A farkon Yuli ya shiga jirgi. A 1940 ya wallafa ɗan littafi kan Zabura a matsayin addu'ar Almasihu, a 1941 aka hana shi wallafa kome. Ta hannun surukinsa Hans von Dohnanyi ya shiga cikin masu ƙulla kifar da Hitila, ya kuma sa hannu cikin dabarar da ta fid da mutum 14 zuwa Suwis a 1942.

An kama shi ranar 5 ga Afrilu 1943. Daga kurkukun Tegel ya rubuta wa Eberhard Bethge, a watan Nuwamba, cewa ya sauke Tsohon Alkawari sau biyu da rabi. A wasiƙar 5 ga Disamba ya ce yana ganin tunaninsa na ƙara zama irin na Tsohon Alkawari, kuma a ra'ayinsa mai gaggawar tsallakawa zuwa Sabo ba Kirista ba ne. Ya ƙi yarda a ɗauki Tsohon a matsayin matakin farko na addini da aka wuce. Bai bar ganin Almasihu cikinsa ba, amma ya daina rushe samfuri. Ranar 21 ga Yuli 1944, kashegarin da yunƙurin kashe Hitila ya ci tura, ya rubuta cewa akwai lokutan da mutum ke wadatuwa da ayoyin yini kawai, ya ambaci na jiya da na yau. Ranar Lahadi 8 ga Afrilu 1945, cikin wani ɗakin makaranta a Schönberg, ya yi wa ƴan'uwansa fursunoni bayanin ayoyin ranar: Ishaya 53:5, kan bawan da rauninsa ke warkarwa, da 1 Bitrus 1:3, kan bege mai rai ta wurin tashin Almasihu. Da ya gama aka zo aka tafi da shi. Kashegari da asuba aka rataye shi a sansanin gwale-gwale na Flossenbürg.

5. Bayan yaƙi

Gyara ya zo a hankali. Sanarwar amsa laifi ta Stuttgart, a Oktoba 1945, ba ta ambaci Yahudawa da suna ba. Masanin tarihin nan na Faransa Jules Isaac, wanda aka kashe matarsa da ɗiyarsa a Auschwitz, shi ya matsa a taron Seelisberg na 1947, da kuma cikin Jésus et Israël na 1948, a binciki abin da ya kira koyarwar raini. Majalisar Furotesta ta Weissensee a 1950 ta furta cewa alkawarin Allah ga Isra'ila yana nan daram. Majalisar Vatikan ta biyu ta bi da sanarwar Nostra aetate ranar 28 ga Oktoba 1965.

Karatun ishara kansa bai mutu ba. Jean Daniélou ya farfaɗo da nazarinsa cikin Sacramentum futuri a 1950, Gerhard von Rad ya kare shi a 1952, kuma tsarin karatun Lahadi na Katolika na 1969 ya zaɓi nassin Tsohon Alkawari yadda zai dace da Linjilar ranar. Abin da ya sauya shi ne sharaɗi. Takardar hukumar Paparoma ta nazarin Littafi Mai Tsarki ta 2001 ta yarda cewa karatun da Yahudawa ke yi wa nassinsu karatu ne mai yiwuwa, kuma Kiristoci na iya ƙaruwa da shi.

6. Kammalawa

Mun ga cewa ishara ce ta riƙe Tsohon Alkawari cikin Ikilisiya sau biyu, a zamanin Markiyon da zamanin Grundmann, kuma sau biyun riƙon ya iya tafiya tare da raina Yahudawa. Mun ga kuma cewa kundin Herrnhut ya sauko da haɗin Alkawarin biyu daga littattafan malamai zuwa gidajen talakawa, ta yadda lokacin da aka nemi raba su, rabuwar ta ci karo da sabo na tsara da tsara. Sabo dai ba adawa ba ne: dubbai sun karanta ayar yini da safe, sun yi shiru da rana. Klepper ya riƙe amanar gidansa. Bonhoeffer ya ƙetara zuwa amanar maƙwabci. Mafi yawa ba su yi ko ɗaya ba.

Abin da karatun kullum ya ƙara, musamman na bi da bi, shi ne ya hana mai karatu zama mai zaɓe. Ƙuri'a ko jerin surori kan kawo masa abin da bai nema ba, a ranar da bai shirya ba, har nassin ya sami zarafin yi masa gardama. Don haka masanin tarihin addini bai kamata ya tsaya ga aƙidar da aka sanar ba. Sai ya binciki abin da ake karantawa, da wane tsari, da wace sa'a, da abin da aka rubuta a gefen shafi. Wannan hanya za ta yi amfani ga ɗalibanmu masu nazarin Kiristocin ƙasar Hausa, waɗanda suka sami Littafi Mai Tsarki cikakke da harshensu tun 1932. Tsofaffin kofe da ke cikin akwatunan iyalai, da layukan da aka ja a ƙarƙashin ayoyi da kwanan watan da aka sa a gefe, su ma takardun tarihi ne, kuma ya dace a tattara su tun gara ba ta riga mu ba.